Filin Matafiya: Jirgin Gaɓar Norway, Inda Ake Tangal-tangal da Abin da Aka Hana

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan jirgi ɗaya suka zo, wato jirgin ruwan da ke bin gaɓar tekun Norway daga Bergen zuwa Kirkenes. Da yake a Bodo nake zaune, ɗaya daga cikin tashoshinsa, kuma shi nake hawa in zan tsallaka tsibiran Lofoten, sai edita ya tattaro su ya turo mini. Na taƙaita wasu, masu su su yi haƙuri.

TAMBAYA: Ɗana da ke aiki a Oslo ya saya mana tikiti ni da mahaifinsa, wai za mu kwana 6 a jirgin ruwa cikin watan Fabrairu. Ni ko kwale-kwale ban taɓa shiga ba, a mota ma in tafiya ta miƙa sai zuciyata ta riƙa tashi. Duk kwanakin nan a tsakiyar teku za mu yi su? Ko in ce ya mayar da tikitin? (Hajiya, daga Gwale, Kano)

AMSA: Ranki ya daɗe Hajiya, kada ki sa ya mayar. Wannan ba irin jirgin nan ba ne da ke nutsawa cikin teku a yi kwanaki ba a ga tudu ba. Tun 1893 wani kyaftin mai suna Richard With ya fara wannan zirga-zirga tsakanin Trondheim da Hammerfest, don kai wasiƙu da kaya da mutane garuruwan da hanyar mota ba ta isa ba. Yau tashoshinsa 34 ne, jirage 11 ke karɓa-karɓa, 7 na kamfanin Hurtigruten, 4 na Havila, kullum ɗaya na barin Bergen da dare. Ki ɗauke shi kamar jirgin ƙasan Legas zuwa Kano na da, mai tsayawa kowace tasha a sauke buhu a ɗauki fasinja.

Yawancin hanyar a bayan tsibirai take. Dubban tsibirai da duwatsu sun jeru a gaban gaɓar suna tare igiyar da ke tasowa daga babbar teku, jirgin kuma ta lungun da ke tsakaninsu da tudu yake bi. Sai ki wuni a bakin taga shayinki bai ko motsa a kofi ba, jajayen gidajen katako suna wucewa kusa har kina iya ƙirga tagoginsu.

Inda ake shan wuya wurare ne sanannu, kowanne da sunansa da lokacinsa. Na farko Stad, wani hancin dutse da ya shiga cikin teku tsakanin Maloy da Torvik. Ku masu tafiya arewa da asubar farko za ku same shi, kamar awa biyu. Ƙasan tekun wurin tudu da kwari ne, ga ruwa na karo da ruwa, sai igiyar ta riƙa dukan jirgi ta fuska fiye da ɗaya. Mutanen da, in wurin ya ɓaci, gwamma su ja kwale-kwalensu ta tudu a wata 'yar maƙurar ƙasa mai suna Dragseidet da su zagaya shi. Har yanzu shekara da shekaru ana maganar a huda dutsen a yi wa jirage rami mai tsawon kilomita 1.7. Bayan Stad sai Hustadvika, tsakanin Molde da Kristiansund, shi cikin dare ake ratsa shi kina barci. Sai Folda, da maraice kafin a shiga Rorvik.

Na huɗu shi ne namu na nan, Vestfjorden, awa huɗu daga Bodo zuwa Stamsund, daga la'asar zuwa bayan magariba. Ranar da iska ta kwanta babu wurin da ya fi shi kyau, duwatsun Lofoten suna tasowa a gabanki a jere fari fat. Ranar da ta taso daga kudu maso yamma kuwa, tun jirgi bai bar tasha ba za ki ga ma'aikata suna kwashe kofuna daga kan tebura, an saƙala ledojin amai a jikin ƙarfen riƙo na kowane lungu. 'Yan gari da ganin ledojin nan ba su tambayar kowa, kowa sai ya nemi kujera ya miƙe ya rufe fuska da hula. Bayan Tromso akwai Lopphavet cikin dare, sannan na ƙarshe kuma mafi tsawo, daga Honningsvag zuwa Vardo. Can babu tsibirin da zai tare muku, tekun Barents ce kai tsaye, sai dai jirgin na shiga tasha ya fito, a samu a ɗan huta tsakani.

Ba zan ɓoye miki ba, Fabrairu tsakiyar lokacin iska ne. Daga Nuwamba zuwa Maris guguwa ta fi yawa, Yuni zuwa Agusta ruwa ya fi kwanciya. Ruwan dai ba ya daskarewa, saboda wani ɗumi da ke biyo teku tun daga mashigin Meziko.

Abin yi na farko, ɗanki ya duba inda ɗakinku yake. A nemi hawa na ƙasa-ƙasa, a tsakiyar jirgi. Ɗakunan sama da na goshi su ne masu tsada, kuma su suka fi lilo. Tashin zuciyar nan daga saɓani yake zuwa: cikin kunne na jin ana motsi, ido kuwa yana ganin bango a tsaye. Shi ya sa in da haske, kallon can inda sama ta haɗu da ruwa na sauƙaƙa shi, in duhu ne kuma, yadda yake yi da wuri a Fabrairu, ki kwanta rigingine ki rufe ido, ki ajiye waya. Kada ki shiga wuraren nan da yunwa, kada kuma ki cika ciki da maiƙo. Busasshen biredi da shayin citta sun isa. Maganin tashin zuciya awa ɗaya ko biyu kafin a isa ake shan sa, in amai ya fara ya riga ya makara. A kantin magani na Norway ana sayar da wani mai suna Postafen ba sai da takardar likita ba, yana dai sa barci. In Alhaji na da hawan jinin ido ko matsalar riƙewar fitsari irin ta manya, ya tambayi likitansa tun a Kano kafin ya sha kowane irinsa.

Ki kuma sani babu likita a waɗannan jirage, babu ɗakin magani. Manyan ma'aikata sun iya taimakon gaggawa, in abu ya fi ƙarfinsu a sauke mutum a tasha ta gaba. Ku zo da magungunanku cikin kwalayensu, da takardar likita da Turanci, musamman in akwai mai ƙarfi na kashe ciwo a ciki. Silifas kuma a bar su a ɗaki. Farfajiyar jirgi kan yi santsin ƙanƙara, iska na fizgar mayafi, ƙofofin fita kuwa na ƙarfe ne masu nauyi da kan rufo da kansu a yatsun mutum.

TAMBAYA: Na ga bidiyo a Facebook, wani jirgi a Norway ya karkace, kujeru suna gudu, ana ɗaukar mutane da jirgi mai saukar ungulu. Ba wannan ba ne kake tura iyayenmu? (Wani matashi, daga Kawo, Kaduna)

AMSA: Ƙanena, ba shi ba ne, amma ruwan shi ne. Viking Sky ka gani, babban jirgin 'yan yawon buɗe ido na wani kamfani dabam, ranar 23 ga Maris 2019, a Hustadvika ɗin da na ambata wa Hajiya. Mutum 1,373 ne a ciki. Ya shiga wurin ana guguwa, injinansa suka mutu, ruwa ya riƙa tura shi wajen duwatsu har anga ta riƙe shi. Masu bincike sun gano baƙin man da ke tankunan injin ne ya yi ƙasa. Da jirgi ya fara tangal-tangal sai famfo ya kasa zuƙo man, injinan suka kashe kansu. An kwashe mutum sama da 470 ta sama ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata suka tayar da injin, washegari aka shiga da shi Molde. An ji raunuka, ba a rasa rai a wurin ba.

Kyaftin ɗin jiragen gaɓa kullum cikin ruwan nan suke, kuma ba su jin kunyar fasa tafiya. In hasashen iska ya yi muni, jirgi kan kwana a tasha, ko ya tsallake garuruwa. Berlevag, can kusa da ƙarshen hanya, sau da yawa daga nesa ake hango fitilunsa a wuce, don shiga tasharsa cikin iska kasada ce. Lokacin guguwar da aka sa wa suna Ingunn, ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu 2024, nan Bodo tsakiyar gari ma rufewa aka yi, balle teku. Sharuɗɗan tikiti sun ba kyaftin ikon sauya hanya, kuma na ga fasinjan da ya tsaya yana ɗaga wa ma'aikaciyar karɓar baƙi murya don an tsallake garin da ya so gani. Ta saurare shi har ya gama, ta nuna masa taswirar iska a allo, shi ke nan. Don haka kada a sayi tikitin jirgin sama na ranar da ake sa ran sauka, a bar kwana ɗaya a tsakani. Mai son ganin abin da ke tafe ya sauke manhajar Yr ta hukumar hasashen yanayi ta ƙasar. Da mita a daƙiƙa suke auna iska: 10 ba komai, 15 za a ji a jiki a wuraren nan buɗaɗɗu, daga 21 su kansu guguwa suke kiranta.

A Bergen, kafin a hau, dole kowa ya zauna a yi masa bayanin tsaro. Tun bayan kifewar jirgin ruwan Costa Concordia a Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka mutu, aka ƙarfafa dokar cewa a yi wannan bayani kafin tashi ko da zarar an tashi. Ka fassara wa iyayenka: jiniya gajera sau 7 da doguwa 1 tana nufin a sa kayan sanyi a nufi wurin taruwar da aka zana a bayan ƙofar ɗaki, ta matakala, ba ta lif ba.

TAMBAYA: Bayan biki zan bi mijina Norway, ya ce za mu fara da wannan jirgi. Zan iya zuwa da kaskon turarena da 'yar tukunyar lantarki? Ba na jin zan iya cin abincinsu. Gwaggo kuma ta haɗa mana kilishi da dambun nama. (Amarya, daga Damagaram)

AMSA: Amarya ba kya laifi, amma a nan kam za ki yi. Babu abin da ma'aikatan jirgin ruwa ke tsoro kamar wuta, sun fi tsoron ta a kan guguwa nesa ba kusa ba. Kowane ɗaki da na'urar jin hayaƙi a rufinsa, haɗe da ɗakin kyaftin. Ki ɗora turaren wuta a garwashi ko a kaskon lantarki, kafin ƙamshi ya kama labule an ƙwanƙwasa miki ƙofa. Haka tsinken turare, haka kyandir. Tukunyar lantarki da hita da dutsen guga su ma ba a yarda a kunna su a ɗaki ba. Humra da turaren shafawa ba mai hana ki. Ki gaya wa angon, in yana shan sigari ko shisha, ɗaki haramun ne, akwai wurin da aka keɓe a waje, wanda ya karya kuma ya biya kuɗin wanke ɗakin.

Kilishin Gwaggo ba zai ma kai jirgi ba. Dokar Norway ta hana shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su daga ƙasashen da ke wajen yankin kasuwar Turai, ko busasshe ne ko soyayye. Kilishi, dambu, man shanu, cuku, duk kwastan za su karɓe a filin jirgin sama. Ku cinye a gida. Ni abin da ba na rabuwa da shi garin yaji ne a 'yar kwalba, don abincinsu gishiri kaɗai ya sani.

Ba kuma za ki kwana da yunwa ba. Kifi ne abincin wannan gaɓa, ana ɗaukar sa sabo daga tashoshin da ake tsayawa, ga dankalin turawa da ƙwai da biredi da miyar ganye. Naman alade na nan a teburin karin kumallo cikin siffofi da yawa, har a cikin miya da tsiran nan nasu, don haka ki tambaya, ba sa jin haushi. Kada ki ɗauka naman rago ko na barewarsu yankan Musulmi ne. Mijinki ya rubuta wa kamfanin tun makonni kafin tafiya cewa ku kifi da ganye za ku ci. In kuka iso Lofoten tsakanin Fabrairu da Mayu, ki leƙa waje ki ga dogayen rumfunan katako an shanya kifi reras iska na busar da shi. Busasshen kifin nan ne mai tauri da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari ta Kano, kawunansa ma galibi Najeriya ake kai su.

Abu biyu da ba ki tambaya ba. Ki sa 'yar buta a jaka, babu ita a bayinsu, kuma masan jirgi da iska take zuƙa, in aka jefa wani abu ban da takardar bayi sai ta toshe wa maƙwabta ma. Soket ɗinsu mai rami biyu ne irin na Nijar, ke kin huta, 'yan Najeriya ne sai sun nemi adafta.

TAMBAYA: Ina karatu a Jamus, ina so in yi tafiyar da kuɗi kaɗan. Ana iya sauka a kowane gari a zaga? (Ɗalibi, ɗan Zongon Kumasi)

AMSA: Ana iya sauka, zagawa ce ba ko'ina ba. Yawancin tashoshin minti 10 zuwa 15 ake yi, wasu ma tsakar dare, a sauke kaya da mota a ɗaga gada. Masu tsawo kaɗan ne: Trondheim kamar awa 3, Bodo sama da 2, Tromso 4, Honningsvag 3 da rabi, inda ake ɗaukar bas zuwa Nordkapp, wani tsaunin bakin teku a can ƙuryar arewacin Turai. Ana rubuta lokacin tashi a bakin gada, ana duba katinka fita da shiga, kuma jirgin ba ya jiran kowa. Mu da muka saba direba ya ce saura mutum ɗaya ya je sallah, nan ba haka ba ne. Daga tagar wurin aikina ina ganin tashar Bodo, kuma na sha ganin mutum ya taho a guje da leda a hannu, igiya ta riga ta bar ƙarfe. Sai ya nemi jirgin sama ko bas da kuɗinsa ya tari jirgin a gaba, fasfonsa da rigar sanyinsa kuwa suna ɗaki suna tafiya Lofoten. Ka riƙa fita da fasfo da katin banki a aljihu.

Batun araha, ba dole ka sayi tafiyar duka ba. Ana sayar da tikiti daga tasha zuwa tasha, kuma in tafiyar gajera ce ba sai ka kama ɗaki ba. Bodo zuwa Tromso ta cikin Lofoten kwana ɗaya ne, kuma a ganina nan ne tsokar tafiyar. Takardar zamanka ta Jamus ta isa, Norway na cikin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ko da yake ba ta cikin Tarayyar Turai. Masu tasowa daga gida su ne sai da biza da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Kada ka wahalar da kanka da tsabar kuɗi, kati ake amfani da shi ko'ina.

TAMBAYA: An ce akwai inda rana ba ta faɗuwa. Yaya mai tafiya a wannan jirgi zai yi da lokutan salla da alƙibla? (Malami, daga Sakkwato)

AMSA: Allah ya gafarta Malam, hukunci naku ne, ni abin da ido ya gani zan faɗa. A Tromso rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu zuwa wajen 22 ga Yuli, ba ta kuma fitowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, sai wani shuɗin haske na 'yan awoyi da tsakar rana. Manhajojin salla na waya a nan rikicewa suke yi, wata ta haɗa maka isha da asuba a minti ɗaya, wata ta bar gurbin fayau. Musulmin Tromso, da ke da masallacinsu na Alnor, a irin waɗannan watanni lokutan Makka suke bi. Wasu malamai kuma sun ce a bi gari mafi kusa da dare da rana ke rarrabewa. Mutum ya yanke wanda zai bi tun kafin ya hau, ya rubuta a takarda. Maris da Satumba ba su da wannan matsala, dare da rana kusan daidai suke.

Alƙibla kuwa, mu da muka tashi muna fuskantar gabas sai mun gyara tunani. A Bergen kudu maso gabas take. Hanyar tana hawa arewa tana kuma karkata gabas sosai, har Vardo ta fi Istanbul gabas, saboda haka kafin a kai Kirkenes, dab da iyakar Rasha, alƙibla ta kusa zama kudu sak. Kamfas ɗin waya ba abin dogaro ba ne a cikin gidan ƙarfe, gara a duba allon da ke nuna taswira da inda jirgi ya sa gaba. Shi ma yana juyawa ne kullum cikin lungunan nan, kana raka'a ta biyu ya sauya fuska. Babu masallaci a ciki. Tsakanin gadaje biyu na ɗaki darduma ɗaya na shiga daidai, ba ragi. A Stad ko Vestfjorden in ruwa ya tashi, tsayuwa ba riƙo neman karaya ne, ni a zaune nake yi, ko in haɗa tun muna tasha.

TAMBAYA: Da gaske ne ana zuba wa mutum ƙanƙara a riga? (Maman 'yan biyu, daga Jos)

AMSA: Da gaske ne. Da safiyar da aka tsallaka layin Aktik, wato layin taswira da daga shi ake shiga yankin da rana kan ƙi faɗuwa, tsakanin Nesna da Ornes, inda za ki hango wani ƙwallon duniya na ƙarfe a kan ɗan tsibiri, wani ma'aikaci kan yi shigar sarkin teku da gemun roba, a jera masu so ya kwara musu ludayin ruwan ƙanƙara ta ƙeya. Wasa ne, ba a tilasta wa kowa, kina iya tsayawa gefe da kofin shayinki ki sha kallon Jamusawa suna ihu. A dawowa kudu babu ƙanƙara, cokalin man hantar kifi ake ba mutum ya shanye. 'Yan biyunki in sun kai shekara bakwai za su so na farkon, na biyun kuwa sai kin riƙe musu hanci.